KAKA A INGILA: Yadda Fure Ke Ƙulla Zumunci Tsakanin Maƙwabta

Duk wanda ya taɓa aikin gadina ko gadi a manyan gidajen Ikoyi da Ikeja, ko kuwa a unguwar Bodija ta Badun, ya san irin tambayar da 'yan'uwa kan yi masa in ya je ganin gida. Sukan ce, wai shin me ake yi da shukar da ba a ci, ba a auna ta a kwano, ba a kuma ba dabba? Daga nan sai a yi dariya, a ce ai wannan sha'anin Turawa ne da masu kuɗi.

To, yau ga labarin waɗansu mutane da suka riƙi wannan sha'ani da hannu biyu, alhali kuwa yawancinsu ba masu kuɗi ba ne. A cikinsu akwai direbobin bas da suka yi ritaya, da ma'aikatan gidan waya, da malaman makaranta, da tsofaffin matan da mazansu suka rasu. Su ne masu noman furanni a bayan gidajensu a ƙasar Ingila. Za mu dube su ne a lokacin kaka, watau watannin Satumba da Oktoba da Nuwamba, domin a wannan lokaci ne aiki ya fi yi musu yawa, a lokacin ne kuma mutum kan san ko yana da abokai ko ba shi da su.

KAKARSU BA IRIN TAMU BA CE

A wurinmu in an ce kaka, abin da ke zuwa a zuciya shi ne girbi da cika rumbu da bukukuwa. A Ingila ma akwai girbi, amma abin da mai lambu ya fi lura da shi shi ne gajartar rana. A birnin Landan, a watan Yuni, rana kan yi fiye da awa 16 ba ta faɗi ba. Kafin ƙarshen Disamba kuwa ba ta cika awa 8. A ranar Lahadi ta ƙarshen Oktoba akan mayar da agogo baya da awa ɗaya a ƙasar duka, don haka a ƙarshen Nuwamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga. Mu da ke zaune a Ikko, inda dare da rana suke kusan daidai shekara duka, da wuya mu gane nauyin wannan abu. Ma'aikacin da ya saba ya taso daga aiki ya yi awa uku a lambunsa, yanzu ba shi da sauran lokaci sai Asabar da Lahadi.

Ganyayen itatuwa kan rikiɗe su koma rawaya da ja, sa'an nan su zube. Ba a zubar da su a bola. Akan tara su da manjagara, a cusa a buhuna masu huji, a yayyafa ruwa, a ajiye a lungu shekara ɗaya ko biyu har su ruɓe su zama taki baƙi mai laushi. Wanda ba shi da itace a gidansa yakan roƙi maƙwabcinsa ya bar masa nasa ganyen, shi kuma maƙwabcin murna yake yi an share masa tsakar gida. Sau da yawa daga irin wannan ƙaramar buƙata ce gaisuwa kan fara tsakanin mutanen da suka yi shekaru bango ɗaya ba su san sunan juna ba.

FURANNI BIYU MASU SARAUTAR KAKA

Furanni biyu ne ke riƙe da wannan lokaci. Na farko shi ne daliya. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne, inda mutanen dā ke cin saiwarsa, don kuwa tana kama da dankali. A 1789 aka aika da irinsa zuwa lambun sarki da ke Madrid, aka raɗa masa sunan wani masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, Anders Dahl. A 1804 wata mata, Lady Holland, ta aiko da iri daga Madrid zuwa Ingila. Tun 1881 masu nomansa a ƙasar suke da ƙungiyarsu ta ƙasa baki ɗaya, tana nan kuma har yau. Akwai daliya ƙanana kamar lemun tsami, akwai manya waɗanda faɗinsu ya wuce inci 10, watau kamar faifai.

Na biyu shi ne kirisantimam, wanda asalinsa daga ƙasar Sin ne, shi ne kuma tambarin gidan sarautar Japan. Ƙungiyar masu nomansa ta ma girmi ta daliya, domin a 1846 aka kafa ta a unguwar Stoke Newington ta Landan. Abin sha'awa game da wannan fure shi ne ba ya buɗewa sai dare ya fara tsawo. Waɗansu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, su ne suka bayyana a 1920 cewa tsirrai da yawa suna auna tsawon dare da rana kafin su yi fure. Manomin dawa ba zai yi mamakin wannan ba. Dawarmu ta gargajiya, ko an shuka ta da wuri ko an makara, takan fid da kai ne wajen ƙarshen damina, kuma dalilin ɗaya ne.

Mai son fure babba ba ya barin shukar ta yi yadda ta ga dama. Tun cikin watan Yuli da Agusta yake bi yana tsinke ƙananan tohon da ke gefe, ya bar guda ɗaya tak a kan kowane reshe, don duk ƙarfin shukar ya tafi gare shi. Yakan kafa sanda ya ɗaure reshen kada iska ta karya shi. Akwai wani ƙwaro mai almakashi a wutsiya da ke cin furen da dare. Maganinsa shi ne a cusa ciyawa busasshiya a ƙaramar tukunya, a kifa ta a kan sanda. Da gari ya waye ƙwaron ya shige ciki ya ɓuya, sai a zazzage shi. Shi ya sa in ka leƙa irin waɗannan lambuna za ka ga tukwane a kife bisa sanduna kamar an yi wa sandunan hula. Masu kirisantimam kuwa har jakar takarda suke sa wa kowane fure don kada ruwan sama ya ɓata shi.

RANAR NUNI

A watan Satumba garuruwa da ƙauyuka da yawa suna da ranar nunin furanni. Akwai manya, kamar wanda aka fara yi a Harrogate a arewacin Ingila tun 1976, amma mafi yawa ƙanana ne, a zauren makaranta ko na unguwa.

Ranar nuni ba a barcin safe. Akan yanke furannin tun da yamma ko da asuba, a tsoma su cikin bokitin ruwa mai zurfi. Kai su wurin nunin shi ne babban aiki, don fure mai faɗin faifai ko ɗan gogar juna ya yi ya lalace. Sai ka ga dattijo yana tuƙa mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, matarsa ko abokinsa na zaune a baya yana riƙe da bokiti tsakanin ƙafafu. In an isa, kowa ya jera nasa, yawanci uku uku a tulu ɗaya, kuma dole su zama kai ɗaya a girma da launi. Masu kirisantimam sukan ɗauki ɗan buroshi da auduga suna gyara furen ganye ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yi wa amarya kwalliya.

Daga nan sai a fitar da kowa waje, a rufe ƙofa, alƙalai su shiga. Alƙalan daliya suna da zobba na awo. In furen da aka sa a ajin ƙanana ya ƙi shiga zobensa, to ya faɗi ke nan, kome kyansa. Sa'ad da ake wannan hukunci, su masu furannin suna waje suna shan shayi tare, kowa yana nuna kamar bai damu ba.

Ladan da ake samu bai taka kara ya karya ba. Kati ne mai launi da 'yan kuɗin da ba za su biya ko buhun taki ɗaya ba, sai kuwa kofi wanda za a riƙe shekara guda a mayar. Amma fa gasar da gaske ake yin ta, har akan yi shekara ana tsokanar wanda aka kayar. Abin lura shi ne, da an tashi, wanda ya sha kaye yakan je wurin wanda ya ci ya roƙi irin furen da aka kayar da shi da shi, kuma da wuya a hana shi. Mai gwaninta ya san iri ba ya cin gasa shi kaɗai, sai da hannu, kuma gasar da babu abokin karawa ba ta da daɗi. Furannin da aka nuna kuwa sau da yawa akan yi gwanjonsu da yamma, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya ko na taimakon marasa lafiya.

DAREN DA SANYI YA SAUKA

Bayan an gama nuni sai a shiga zaman jira. Daliya ɗan ƙasar zafi ne, ba ya jure daskarewa ko ta dare ɗaya. In dare ya yi tsit, babu gajimare babu iska, ɗumin ƙasa yakan tashi sama, ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri, raɓa ta daskare a kan ganye ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Ruwan da ke cikin ganyen shi ma ya daskare ya fasa shi daga ciki. Da rana ta fito, lambun da jiya yake ja da rawaya sai ka same shi baƙi ƙirin, ya yi laushi kamar dafaffen rama.

Wannan dare yakan zo ne a Oktoba ko Nuwamba, ya danganta da wuri. Arewa takan riga kudu, ƙauye ya riga birni, kwari kuma ya riga tudu, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi. Saboda haka a wannan lokaci gaisuwar masu lambu ba ta wuce tambayar ko sanyi ya sauka a wajenku. Wanda ya ji a rediyo cewa daren yau za a yi shi, yakan buga wa abokansa waya ko ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai ka ga mutane da tocila a cikin duhu suna kwasar tukwanen shuka zuwa ɗakin gilashi, suna lulluɓe waɗansu da tsofaffin zannuwa. Furannin da suka rage kuwa akan yanke su duka a daren, tun da gobe babu su. Gida ɗaya ba zai iya da su ba, sai a bi maƙwabta ana rabawa, dami dami.

Da ganye ya yi baƙi sai haƙa. Akan sare karan a bar kamar inci 6, a sa babban cokali mai yatsu a ɗago saiwar a hankali kada a huda ta. A kakkaɓe ƙasa, a kifa ta kai ƙasa na 'yan kwanaki don ruwan da ke cikin karan ya tsiyaye, sa'an nan a ɗaura mata takarda mai suna, domin da an cire fure saiwoyin duk kamarsu ɗaya. Daga nan a jera su a akwati cikin busasshen yashi, a ajiye inda sanyi ba zai daskarar da su ba, har watan Maris ko Afrilu. A wuraren da sanyi ke da sauƙi waɗansu sukan bar su a ƙasa, su tula musu taki mai kauri a kai.

Aikin nan yana cin baya. Mai shuka 100 ko 200, in shekarunsa sun kai 75, ba zai iya shi kaɗai ba. A nan ne abokan ƙungiya kan sa rana su zo da cokulansu da baro, yau a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan wancan, mai gida kuma ya yi shayi da waina irin tasu. Ba su da sunan da suke kiran wannan da shi, amma Bahaushe in ya gani zai ce ai gayya ce. Wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji shi ma ba a barinsa a baya. Da ya ga ana haƙa sai ya sauko kusa da ƙafar mutum yana tsintar tana, ba ya ko jin tsoro.

AJIYA A GIDAN ABOKI

Yanzu ga inda maganar take. Kyakkyawan daliya ba a samunsa daga ƙwayar iri. In ka shuka ƙwayarsa, abin da zai fito daban ne da uwar. Hanya ɗaya ce ta samun irinsa sak, watau a raba saiwar ko a dasa tohonta, kamar yadda muke yi da rogo da rake. In za a raba, tilas kowane yanki ya zo da ido daga gindin kara, in ba haka ba ba zai tsiro ba.

Ga misali. Akwai wani jan daliya mai baƙin ganye wanda wani mai renon shuke-shuke a Cardiff, Fred Treseder, ya fitar, aka sa masa sunan babban limamin cocin Llandaff a 1924. Duk wanda ke cikin lambunan duniya yau yanki ne na wancan na farko, ya bi hannu zuwa hannu shekara 100. Da a ce an yi hunturu ɗaya da kowa ya yi sakaci, da ya tafi ke nan har abada. Iri da yawa sun ɓace ta wannan hanya. Shi ya sa a 1978 aka kafa wata ƙungiya, wadda yanzu ake kira Plant Heritage, don kiyaye tsofaffin irin shuke-shuken lambu, kuma da yawa daga cikin masu riƙe mata amanar irin mutane ne a bayan gidajensu.

Ajiyar hunturu kuwa ba ta da tabbas. In wurin ya yi laima, saiwar ta ruɓe. In ya bushe da yawa, ta yanƙwane. Ɓera na iya shiga, sanyi mai tsanani na iya ratsa ɗakin ajiyar a dare ɗaya. Mutum na iya buɗe akwatinsa a watan Maris ya tarar babu ko ɗaya mai rai, a ciki har da irin da ya gada daga mahaifinsa, wanda babu kantin da ke sayar da shi.

Dabarar da suka gano ita ce kyauta. Duk irin da kake ji da shi, ka ba abokai biyu ko uku tun kana da shi. Ranar da naka ya mutu, sai ka je ka karɓo yanki a wurinsu. Marowaci, wanda ya ƙi ba kowa don kada a yi irin nasa, shi ne kan wayi gari hannu wofi. Haka kuma in mai lambu ya rasu, abokansa sukan zo kafin a sayar da gidan su haƙe abin da ya bari, da izinin iyalinsa, su rarraba. A lambuna da yawa za ka ji ana kiran shuka da sunan mutumin da ya ba da ita, ba da sunanta na littafi ba, ko da ya yi shekara 20 a ƙasa.

KYAUTA TA KAN SHINGE

Ba daliya kaɗai ake rabawa ba. Kaka lokaci ne na tuge shuke-shuken da suka yi cunkoso a raba su gida uku ko huɗu, don ƙasa tana da sauran ɗumi, ga kuma laima. Mai lambu ba ya iya jefar da shuka mai rai, saboda haka sai ya miƙa ta kan shinge, ko ya jera a bakin ƙofa da takarda cewa duk mai so ya ɗauka. Akan kuma tara ƙwayar iri a busar, a zuba a tsofaffin ambulan a rubuta suna, a kai taron ƙungiya a yi musaya.

Akwai labarin da suke son bayarwa na wata mata mai suna Ellen Willmott, wadda ta rasu a 1934. Ta gaji dukiya mai yawa, ta kuma ƙarar da ita a kan lambu, har an yi lokacin da take da ma'aikatan lambu fiye da 100 a gidanta da ke Essex. Ana cewa takan cika aljihu da ƙwayar wata shuka mai ƙaya, fara kamar azurfa, in ta kai ziyara lambun wani sai ta watsa a ɓoye. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai mai gida ya ga abin ya fito bai san daga ina ba. Har yau sunan shukar nan a bakinsu shi ne fatalwar Miss Willmott.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum lafiya ake zaune. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Akan yi rigima a kan inuwar itacen maƙwabci, da kyanwarsa mai tona shuka, da ciyawar da ya bari ta yi iri iska ta kwaso. Rigimar dogon shinge ta yi yawa har majalisar ƙasar ta yi doka a 2003, wadda ta ba mutum damar kai ƙara ga hukumar gari in shingen itatuwa na maƙwabcinsa ya wuce mita 2 yana tare masa haske. A daren 5 ga Nuwamba kuma, sa'ad da al'adarsu ce a hura babbar wuta, wanda ya tara karan lambu yakan sha tuni daga maƙwabta cewa ya birkita tarin kafin ya kunna, don bushiya kan shige ciki ta yi shirin barcin hunturu.

BAƘI A FILI ƊAYA

Wanda ba shi da bayan gida yana iya hayar fili daga hukumar gari. Dokar 1908 ce ta ɗora wa hukumomin alhakin samar da irin waɗannan filaye in jama'a sun nema. Cikakken kaso ɗaya kamar murabba'in mita 250 ne, kuɗin hayarsa kaɗan ne, amma a manyan birane mutum na iya yin shekaru a layi. Birnin Birmingham kaɗai yana da irin waɗannan wurare fiye da 100.

Ɗaya daga cikin mafi girmansu, Uplands, yana unguwar Handsworth, inda baƙi suka yi yawa tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A can za ka ga Bature mai layin daliya, kusa da shi mutumin Jamaika mai noman alayyafo da kabewa, gaba kaɗan mutumin Indiya ko Pakistan mai tafarnuwa da hulba da furanni ruwan lemo. Waɗannan mutane ba addininsu ɗaya ba, ba abincinsu ɗaya ba, da yawa cikin dattawansu sun sha wulaƙanci sa'ad da suka fara zuwa ƙasar. Amma famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, motar taki ɗaya suke jira, sanyin da zai kashe na wannan shi zai kashe na wancan. Baƙon da ya zo da irin ƙasarsu yana buƙatar ɗan gari ya gaya masa ranar da sanyi kan ɗauke, ɗan garin kuma yana son ya san yadda ake dafa wannan ganye da bai taɓa gani ba. Mu da muke zaune a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, ba sai an fassara mana wannan ba.

MAGANIN KAƊAICI

Abin da ya sa wannan zumunci yake da nauyi a can shi ne yadda zaman ƙasar yake. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa a Ingila da Wales kusan gida 3 cikin kowane 10 mutum ɗaya ne kaɗai a ciki, da yawansu kuma tsofaffi ne. 'Ya'ya sun watse garuruwa, babu zaure, babu dandali. Abin ya kai har a watan Janairu na 2018 Firayim Minista Theresa May ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, aikin kula da matsalar kaɗaici. Ga tsohon da ke zaune shi kaɗai, kaka ita ce ƙofar watanni huɗu ko biyar na duhu da sanyi, lokacin da ba a zama a waje balle a ga mai wucewa.

Mai lambu ya fi sauran samun sauƙi. Yana da dalilin fita kowace safiya, yana da taron ƙungiya wata wata, yana da mutanen da za su lura in an kwana biyu ba a gan shi ba. Shi kansa lambun yakan ba da labari. In sanyi ya sauka an yi mako guda daliyar dattijo tana tsaye baƙa ba a sare ta ba, maƙwabta sun san ba lafiya ba, sai a je a buga ƙofa.

Furen da ba a ci kuma ya daɗe yana biyan kuɗin jinya. A 1927 aka fara wani shiri na buɗe lambunan gidaje ga jama'a, kowa ya biya sule ɗaya ya shiga, a tara kuɗin don ma'aikatan jinya masu bi gida gida. A shekarar farko lambuna 609 suka buɗe, aka tara fiye da fam 8,000. Shirin yana nan, lambuna dubbai ne ke buɗewa kowace shekara, manya da ƙanana, kuma a 2023 ya ba da gudummawar fiye da fam miliyan 3, mafi yawa ga ƙungiyoyin jinya da kiwon lafiya.

AIKIN ƘARSHE

Aikin da ke rufe kaka shi ne binne waɗansu saiwoyi masu kama da albasa. Dafodil, mai rawayan fure, akan binne shi a Satumba da Oktoba. Tulif, wanda ya shigo Turai ta hannun Turkawa, akan jinkirta shi har Nuwamba, in ƙasa ta yi sanyi, don gudun wata cuta da ke kama shi. Zurfin ramin kamar ninki uku na tsawon albasar ne, tsininta yana duban sama. Sai sun sha sanyi na makonni da yawa a cikin ƙasa kafin su yi fure, shi ya sa ko an kawo su nan Ikko ba su yin abin kirki. Babban abokin gabarsu kurege ne, wanda halinsa a can bai bambanta da na tatsuniya ba: yana kallo daga kan itace kana binnewa, kana juya baya ya sauko ya tone. Akan shimfiɗa ragar waya a kai don a hana shi.

Ba za a ga amfanin wannan aiki ba sai Maris ko Afrilu. Tsohuwa mai shekara 85 takan durƙusa a ƙasa mai sanyi ta binne albasa 50, ba ta da tabbacin za ta ga furensu. In ta kasa durƙuso, ɗan maƙwabta ya zo ya haƙa, ita tana tsaye da sanda tana nuna masa wuri. Kuma yawanci a gaban gida ake binne su, bakin hanya, inda mai wucewa ma zai gani.

To, jama'a, wannan ita ce amsar tambayar da muka fara da ita. Mu a nan ba mu da sanyin da zai kashe mana shuka, yawancinmu kuma ɗaki ɗaya muke haya ba lambu. Amma tsohon bokiti da ƙasa ba su gagari kowa ba, kuma shuwaka da zogale da ɗoɗɗoya duk reshe ake karya a dasa su kama. Wanda ya karya reshe ya miƙa wa maƙwabcinsa, Bayarabe ne ko Ibo, gobe yana da abin da zai tambaye shi bayan ina kwana, ranar da nasa ya bushe kuma ya san ƙofar da zai buga. Allah Ya ba mu maƙwabta nagari, Ya sa mu ma mu zama nagari gare su, amin.